Sharhi: Rumbun intanet na Cibiyar Gaskiya da Sasanci ta Kanada

Na shafe kwanaki ina bibiyar shafin nctr.ca, rumbun Cibiyar Gaskiya da Sasanci da ke Jami'ar Manitoba a birnin Winnipeg, wadda aka buɗe a 2015 domin adana abin da aka tattara game da makarantun kwana na 'ya'yan 'yan asalin Kanada. Shiga kyauta ne, sai dai dole mai karatu ya iya Turanci ko Faransanci.

Kimanin yara 150,000 daga al'ummun First Nations da Inuit da Métis ne aka raba da iyayensu, aka kai su waɗannan makarantu da gwamnati ke ɗaukar nauyinsu, majami'u kuma ke gudanarwa, kuma sai a shekarun 1990 aka rufe na ƙarshe. Rumbun na ɗauke da hotuna da takardun makarantu, da kuma shaidar da kusan mutum 7,000 suka bayar gaban Hukumar Gaskiya da Sasanci, wadda ta binciki lamarin makarantun kuma marigayi Murray Sinclair ya shugabanta. A gani na, wannan shaida ce ta fi komai daraja, domin a cikinta ne mutum zai ji dattijai suna bayyana yadda aka riƙa dukansu saboda sun yi magana da harshensu, da yadda suka girma ba su san rarrashin uwa ba, har da suka haifi nasu 'ya'yan suka rasa yadda za su rungume su. Daga nan ne shaye-shaye da mutuwar aure da ɓacewar harshe suka gangaro zuwa jikoki waɗanda ba su taɓa taka ƙofar makarantun ba. Ƙidayar 2021 ta nuna cewa 'ya'yan 'yan asali ba su kai kashi 8 cikin 100 na yaran ƙasar ba, amma su ne fiye da rabin yaran da hukuma ta bayar riƙo a gidajen wasu.

Sashen da ya fi taɓa zuciyata shi ne rajistar yaran da suka rasu a makarantun, inda aka jera sunaye makaranta bayan makaranta. Akwai giɓi a cikinta, kuma laifin na waɗanda suka riƙe yaran ne, domin hukumar da Sinclair ya shugabanta ta gano cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na mamatan ba a rubuta ko sunansu ba, kusan rabi kuma ba a rubuta abin da ya yi ajalinsu ba.

Akwai takardun da ba a buɗe wa kowa ba saboda kare mutuncin iyalai, kuma na yaba da wannan kamun kai. Shafin yana gargaɗin mai karatu game da nauyin abin da zai gani, tare da nuna layin wayar taimako ga waɗanda suka tsira da iyalansu. Ga malami ko ɗalibin tarihi, shawarata ita ce ya fara da shaidar dattijan kafin ya shiga takardun gwamnati.