Kafin Ka Sayi Injin Tuƙin Kwalekwale Na Motsa Jiki a Sakkwato

Gwiwa ce ta raba ni da zagayen filin wasa na Giginya da na saba yi bayan sallar asuba. Likita ya ce in nemi motsa jikin da ba ya dukan gaɓoɓi, shi ne na faɗa neman injin tuƙin kwalekwale. Zama kake yi, ka tura da ƙafa, ka ja da hannu, cinya da baya da kafaɗa duk su sha aiki, gwiwa kuwa ba ta ɗauki nauyin jiki ba. Uwargida ma tana hawa a tsakar gida, ba sai ta fita ba.

Iri huɗu ne a kasuwa: mai bututun mai, mai maganaɗisu, mai ruwa, da mai fanka. Masu talla za su cika ka da zancen allo da ƙirga kitsen da ka ƙona. Ni tambayata biyu ce kawai. Zai jure zafin Afrilu da ƙurar hunturu? In ya lalace, akwai mai gyara shi a garin nan?

Mai bututun mai shi ne mafi araha, kuma shi na fara saye. Bututun nan man da ke cikinsa ne ke ba da nauyin ja, kuma da ya ɗumama sai man ya tsinke, nauyin ya ragu. A garin da zafi ke wuce digiri 40 a bazara, minti goma sha biyar ya isa bututun ya gagari taɓawa. Nawa bai cika wata uku ba ya fara zubar da mai a kan leda. Na ɗauke shi zuwa wurin wani bakanike a Mabera, ya jujjuya shi ya ce, "Alhaji, wanga a rufe aka yo shi, ba a buɗe shi, sai dai ka samo sabo." Na nemi wanda ya sayar mini a intanet, lambarsa ta daina shiga. Har yau ƙarfen na nan a bayan ɗaki.

Mai maganaɗisu ba shi da ƙara, amma na arahar kujerarsa a kan tayoyin roba take, igiyar jansa ba ta daɗewa take sakewa, wasu kuma sai da wuta, ga halin da wutarmu ke ciki. Mai ruwa kyakkyawa ne a ido, sai dai tankin roba da jikin katako ba abokan rana da bushewar iskarmu ba ne, kuma ruwan sai ana jefa masa ƙwayar magani, in ba haka ba ya yi gansakuka.

Mai fanka shi ne nawa, kuma a cikinsu Concept2. Wasu 'yan'uwa biyu, Dick da Peter Dreissigacker, suka kafa kamfanin a jihar Bamont ta Amurka a 1976, suka fitar da injinsu na farko a 1981, da kayan keke suka haɗa shi. Wannan asalin bai bar shi ba: sarƙa ce, da haƙoran da take hawa, da boris, da fanka. Duk mai gyaran keke ko babur in ya leƙa cikinsa zai gane abin da yake gani. Babu man da zai tsinke, babu ruwan da zai lalace, ba ruwansa da wutar gari. Allonsa batir biyu manya irin na tocila yake ci, kuma in kana tuƙi fankar ce ke ba shi wuta. Yana ɗaukar mutum har mai kilo 227. Tsawonsa ya kai ƙafa takwas, wato santimita 244, amma yana rabuwa gida biyu ba tare da sifana ba, ka jingine shi a lungu. Nauyin jan kuma daga kai yake fitowa: ka ja da ƙarfi iska ta tare ka da ƙarfi, ka sassauta ta sassauta, shi ya sa ni da uwargida muke hawa inji ɗaya ba wanda ya cutu.

Hidimarsa kaɗan ce. Kamfanin ya ce a ɗiga wa sarƙar mai bayan kowace awa 50 ta aiki, a riƙa goge ƙarfen da kujera ke zamewa a kai. Abin da zan ƙara don mu nan shi ne ƙura. Fanka iska take zuƙa, ita kuwa iskar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu kun san abin da take ɗauke da shi. In ƙura ta taru a gidan fankar, nauyin ja raguwa yake yi. Ni zani nake lulluɓa masa, in buɗe in kakkaɓe a ƙarshen kowane hunturu. Aibinsa ƙara: kada ka hau shi kusa da ɗakin da jariri ke barci.

Sabo yana kusan dala 1,000 a Amurka, tun kafin kuɗin jirgi da kwastan. Don haka shawarata ga mai ƙaramin ƙarfi ita ce na hannu. Tsohon Concept2 samfurin Model D mai shekara goma ya fi mini sabon da ba a san uwarsa ba balle ubansa.

To, a nan ne macuta suke jira. Akwai na jabu da aka kwaikwayi siffarsa tsaf, a manna masa takarda mai suna, a kira shi na waje. Ka ce a kunna allon ka gani. Na gaskiya na yanzu PM5 ake kiransa, kuma yana haɗuwa da manhajar ErgData ta waya. In mai kaya ya fara kame-kame a kan wannan, ka kama hanyarka. Ka nemi lambar da kamfani ya manna a jikin injin. Allon yana ajiye jimillar mitocin da aka taɓa tuƙawa, amma kada ka dogara da ita kaɗai, domin ana canza allo. Ka duba sarƙa ko ta yi tsatsa, ka ja ka saki ka ga ko tana komawa da kanta, ka zauna ka zame ka ji ko kujerar na tuntuɓe.

Waɗanda suka fi muni su ne marasa kayan gaba ɗaya. Za ka gan su a Facebook da hoto mai kyau da suka ɗauko wani wuri, farashi rabin na kasuwa, labari kuma iri ɗaya: gidan motsa jiki ne zai rufe, ko mai kayan zai bar ƙasa jibi. "Yallaɓai, ka turo kuɗin mota kawai, sauran sai kaya sun iso." Kuɗin motar nan shi ne duk cinikin. Ka ce a kira ka ta bidiyo, mutum ya hau injin ya ja a gabanka, ya rubuta sunanka a takarda ya ɗora a kai. In kayan a Legas suke, ko Abuja ko Kano, ka tura ɗan'uwa ko amintaccen direba ya gani da idonsa kafin ko kwabo ya fita daga hannunka. Kuma a raba injin gida biyu, a cire allon a naɗe shi daban cikin tsumma, domin daga Legas zuwa Sakkwato tafiyar wajen kilomita 1,000 ce a ƙarƙashin buhuna.