Sharhi: ƙaramin injin walda na MIG a jikin tsohuwar Peugeot 504

Wata uku ke nan ina gwada injin MIG (injin walda da ke turo siririyar waya da kansa maimakon sandar walda) mai amfiya 160 a kan wata 504 haɗin Kaduna, a tsakar gida a Tudun Wada, Gusau. Ga aikin jikin mota ya fi injin sanda nesa ba kusa ba, amma da sharaɗin a haɗa shi da tukunyar gas.

Matsalar tana ga kaurin ƙarfe. Jikin irin waɗannan motoci kusan milimita 1 ne, ga tsatsa ta riga ta ci ƙasan ƙofofi da gindin but. Sanda mai geji 12 da masu ƙofa da taga ke aiki da ita, tana taɓa shi za ta huda. Waldar kabayit kuwa zafinta bazuwa yake yi, ƙarfe ya lauye, a ƙare da lafta fila, wato ƙullun da ake cike lotsawar jikin mota da shi.

Da waya mai kaurin milimita 0.6 da gas ɗin CO2 a kan lita 8 zuwa 10 a minti, injin yana ajiye ɗigon walda kamar ƙwayar gero. A yanke ruɓaɓɓen wuri har sai an kai ƙarfe mai ƙyalli, a yanko faci daidai bakin ramin, a ɗiga a nan, a tsallaka kamar santimita 5 a sake ɗigawa. Kada a ja layi ɗaya tiryan-tiryan. A bari ya huce har hannu ya iya taɓawa. Inda ƙarfen ya sirance, a tokare bayansa da guntun jan ƙarfe, walda ba ta kama jan ƙarfe.

Wayar da ba ta buƙatar gas, mai 0.8, ita mai shago zai cusa maka don sauƙi. Ta yi wa jikin mota zafi, ga tartsatsi. Ta dace da shasi. In za a koma kanta, dole a juya wayoyin tabbau da korau a jikin injin.

Abu biyu ne suka ba ni haushi. Maƙalin ayas (wanda ake maƙalawa a jikin ƙarfen da ake waldawa) da injin ya zo da shi ba shi da ƙwari, yana ɗaukar zafi, gara a canza shi tun ranar farko. Sannan idan wutar NEPA ta yi ƙasa, waya sai ta riƙa tsalle tana tofi. Ƙaramin janareta ba ya ɗaukarsa, a nemi mai kVA 5 zuwa sama.

A lokacin hunturu iska na kwashe gas, waldar ta fito da ƙananan ramuka kamar soso, don haka a kare wurin da kwano. Kafin a kunna, a cire batir, a sauke tankin mai, a fitar da kafet da kujeru. Kuma tun kafin ka biya kuɗin injin, ka san inda za a riƙa cika maka tukunya.