Kafin ka biya kuɗin tayar moto a Kumasi, nemi shekarunta

Jama'ar Aboabo da Asawase masu moto, musamman 'yan okada da Boxer ke ci da ku, yau maganar taya ce. Yawancinmu zane kawai muke dubawa, in dai bai suɗe ba sai mu ce ai da sauranta. To roba tsufa take ko ana hawa ko tana rataye a shago, rana da zafi su busar da ita ta yi tauri, ran da ruwan Yuni ya jiƙa kwalta ka taka birki sai ka ji bayan moton na neman riga gaban.

Shekarun a jikinta suke. Duba gefe wajen da aka rubuta DOT, ko cikin wani ɗan zagaye mai siffar ƙwai, akwai lamba huɗu, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara. 3521 kenan sati na 35 a 2021. Kamfanin taya na Michelin sun ce daga shekara 5 a riƙa duba ta duk shekara, a 10 a cire ko zanen na nan daram. Dokar hanya ta Ghana ta 2012, mai lamba L.I. 2180, ta fi su tsanani, shekara 4 ta yanka daga ranar ƙira, kuma da zafin garin nan ban ga laifinta ba.

To wacce za a saya? Ni dai ta Indiya, MRF ko CEAT, sabuwa wadda ba ta wuce shekara ɗaya ko biyu da fitowa ba. Boxer da TVS can aka haife su, da taya da moto duk ƙasarsu ɗaya, an yi ta ne don kaya da rami da jar ƙasa irin tamu. Ka ɗora mutum da buhun masara ba ta lanƙwashe gefe, a kwana tana kama ƙasa, kuma ba kullum kana zaune a bencin mai faci ba. Kuɗinta ya ɗan ɗaga, eh, amma ka lissafa tiyub nawa mai arha ke ci maka kafin salla ta zagayo. Michelin tana da kyau sai dai aljihu. Ta China marar suna, wadda ko sunan ba ka iya karantawa, wuce kawai. Hom yus kuwa, wato ta hannu, wani ne ya gama cin amfaninta a Turai ya bar maka tsufan.

Inda na fi so ku buɗe ido shi ne tsohon kaya da ake kira sabo. Wani mai shago ya taɓa miƙo min taya fes a leda har da 'yan gashin robar nan, yana rantsuwa "wallahi maigida jiya aka sauke", ashe ta kwana a sito shekara da shekaru, a ruwan farko ta zubar da ni, har yau gwiwata na tuna min in hunturu ya shigo. Gashin nan ba shaida ba ne, yana nufin ba a hau ba ne kawai. Wasu su shafe ta da baƙin mai ta yi ƙyalli tsagewar ta ɓuya. Wasu su goge lambar da sanfefa, in ka ga wurin ya yi sumul ko ya faɗa ciki, ajiye musu abinsu. Akwai masu bin suɗaɗɗiya da wuƙa mai zafi su sake fitar da zane, ka ga rami mai zurfi alhali saura kaɗan a kai zare. Jabun manyan sunaye ma na yawo, rubutun gefensu a cakuɗe, ka ɗaga ka ji ba nauyi.

In ka shiga Suame Magazine, unguwar makanikai da masu sayar da kayan gyara, ka fito da tayar waje cikin rana, kar ka duba a duhun shago. Danna farce a zanen, mai rai za ta lotsa ta dawo, tsohuwa ko gezau. Matse gefen ka ga ko ƙananan tsaga za su buɗe baki. Sannan ka haɗa sayis da na tsohuwarka, in 2.75-17 ce to 2.75-17, kar yaron shago ya ce maka "duk ɗaya ne Alhaji". Tiyub ma sabo za ka sa, tsohon ya riga ya saki.