Sabon keken BMX na cikin kwali: a je makaranta da shi, kada a yi tsalle

Sana'ata gyaran keke, kuma kwanakin nan iyaye sun dame ni da tambaya a kan ƙananan kekunan nan masu ƙafa inci 20 da ake manna wa BMX a jiki, wato sunan wasan tsere da tsalle-tsalle da keke. Ɗan yayata ya tara kuɗinsa ya sayo guda, sabo fil a kwali, ni na haɗa masa, ni kuma nake gyara shi har yau. Sunan da ke jikinsa sitika ce kawai, irinsa sun cika kasuwa, kowanne da nasa sunan.

Gaskiya keken ya yi kyau a ido. Fenti na ɗaukar ido, tayoyin masu kauri ne, ba sa tsoron yashi, kuma kayan gyaransa ba sa wuyar samu. Yaron da zai je makaranta ko aiken cefane zai more shi.

Matsalar tana wajen ƙarafunan nan huɗu masu kamar bututu da aka ɗaura a gefen ƙafafun. A wasan BMX da su ake zamewa a kan bakin dakali ko ƙarfen matakala, don haka duk yaron da ya gan su zai ɗauka an ba shi lasisin ganganci. Amma shaf ɗin da aka ɗaura su a kai, wato sandar ƙarfen da ta ratsa tsakiyar ƙafar, siriri ne, wajen milimita 10, alhali na baya a keken wasa na gaskiya milimita 14 ne. Yaron nan bai daɗe da fara dirowa daga barandar shago ba shaf ya lanƙwashe, ƙafar baya ta fara rawa. Da na kwance, sai na tarar kwanon boris ya fashe, 'ya'yan boris suka zubo mini a tafin hannu sun ci juna, giris ɗin ya yi baƙi da garin ƙarfe.

Rim ɗin ma falle ɗaya ne, na wasa kuwa ninki biyu ake yi masa. Gangar jikin ƙarfe ne na gama-gari, ga nauyi ga laushi, ba ƙarfen kuromoli mai lamba 4130 da ƙwararru ke hawa ba. Abin da ya fi tsorata ni shi ne waldar da ke wuyan keken. Idan shaf ya lanƙwashe a hankali yake nunawa, amma wuya in zai karye ba ya sallama, kuma fuska ce ke fara isa ƙasa.

Akwai kuma na'urar da ke ƙarƙashin kan keken, wadda ke ba shi damar juyawa zagaye ba tare da wayar birki ta nannaɗe ba. Dabara ce mai kyau, sai dai ta wannan keken ta sa birkin baya ya yi lagwab, ka matse har ƙarshe keken na tafiya abinsa. Na cire ta na ja masa waya ɗaya miƙe. Yaron ya yi ta ƙunƙuni, wai Kawu ya ɓata masa keke. Na ce ya je ya gaya wa uwarsa.

Su yaran a waya suke ganin abin, ba sa ganin abin da ke bayansa. Wasan ya taso ne a kudancin Kalifoniya ta Amurka a farkon shekarun 1970, yara na kwaikwayon masu tseren babur a ƙasa, yau kuma har ya shiga gasar Olamfik. A ta Tokyo da aka yi a 2021, Charlotte Worthington ta Birtaniya ta yi alkafura ta baya haɗe da juyi cikakke a sama, ta faɗi a karon farko, ta dire daidai a na biyu, ta ci zinare. Irin waɗannan a rami cike da soso suke koyo kafin su taɓa katako ko siminti. Duk da haka ba su tsira ba. Stephen Murray, ɗan Ingila, ya ci zinaren X Games, babbar gasar wasannin ganganci, a 2001 da alkafura biyu a tsalle ɗaya, sannan a 2007 a birnin Baltimore na Amurka ya faɗi a kan irin wannan alkafurar, wuyansa ya karye, jikinsa ya shanye daga kafaɗa zuwa ƙasa. Dave Mirra mai lambobi 24 a X Games ya mutu a 2016, likitoci suka gano ƙwaƙwalwarsa ta lalace da cutar da yawan buguwar kai ke haddasawa. Waɗannan fa masu keke mai nagarta ne da hular kwano. Namu ko hular ba a sako a kwalin ba.

Idan hawa kawai yaronka zai yi, saya masa, amma ka sa a kwance ƙarafunan gefen tun a shago. In kuwa ka san ba zai bar tsalle ba, gara ka nemi na hannu, ɗan gwanjo mai rubutun 4130 a jiki, ko da fentinsa ya koɗe. Ka juya shi ka duba kowace walda, ka girgiza ƙafafun ka ji ko suna wasa, kuma ka ware kuɗin hular kwano mai rufe ƙeya kafin ka fara ciniki.