Wata uku da rautar 5G a bakin taga

Wata uku ke nan da na daina raba intanet daga wayata, na koma kan wata 'yar rauta, wato na'urar raba intanet ta Wi-Fi, mai cin sim da aka rubuta 5G ɓaro-ɓaro a kwalinta. Aikina tura manyan fayil na zane da bidiyo ne, saboda haka ɗora kaya ya fi damuna a kan saukewa.

Ranar farko na ɗora ta kan tebur a tsakiyar ɗaki, fitilar 5G ta kama, na ce kakata ta yanke saƙa. Ina gwadawa da Speedtest, manhajar auna gudun intanet, sai jikina ya yi sanyi, don da kaɗan ta ɗara tsohuwar wayata mai 4G. Da na shiga shafin saitin na'urar ta burauza ne na ci karo da lambobi biyu, RSRP da SINR. Ta farko ƙarfin siginar da ke isowa daga turken sadarwa ce, kuma -80 ya fi -105 nesa ba kusa ba. Ta biyu tsabtarta ce, wato yadda muryar turkenka ke rinjayar hayaniyar turakun da ke kewaye. Na yini ina yawo da rautar kusurwa-kusurwa, igiyar wuta na jan ƙasa, ido na kan allon kwamfuta, har na dace da wata taga da ke fuskantar turken. Sandunan sabis ko ɗaya ba su ƙaru ba, amma SINR ya haura, saukewa ta ninka. Yawancin 5G a zangon gigahaz 3.5 take tafiya, zangon da ke ɗaukar kaya da yawa, sai dai bango na cinye ƙarfinsa fiye da yadda yake yi wa megahaz 800 ko 900.

A shafin nan dai na ga an rubuta NSA, kuma a nan labarin yake. Ƙungiyar 3GPP mai tsara ƙa'idojin sadarwar wayar hannu ta fitar da 5G kala biyu: NSA, mai jingina da 4G, a Disambar 2017, sai SA, mai tsayuwa da ƙafarta, a Yunin 2018. A tsarin NSA, ɓangaren rediyo ne kawai sabo. Cibiyar da ke sarrafa zirga-zirgar bayanai a bayan fage ta 4G ce, kuma dole na'urar ta riƙe 4G da hannu ɗaya kafin ta kama 5G da ɗayan. Kamfanoni da yawa da shi suka fara don ya fi sauƙin kafawa. Shi ya sa jinkirin isar saƙo na milisakan 1 da gudun gigabit 20 a sakan, waɗanda ITU, hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya a matsayin ƙololuwar buri, ban ko ji ƙamshinsu ba. Kiran bidiyo ya yi sumul, ban musa ba, amma ba canjin da zai sa mutum ya riƙe baki ba ne.

Wajen ɗorawa kuwa na ɗan sha kunya. A zangon gigahaz 3.5, tasha guda ce ake rabawa da lokaci tsakanin saukewa da ɗorawa, kuma kaso mafi tsoka saukewa ake bai wa. Fayil ɗin da zai sauko kafin in gyara zama, in zan tura shi sai na tashi na miƙe ƙafa na dawo. Da daddare abin ya fi muni, domin turke ɗaya muke rabawa da duk wanda ke yankin, kowa kuma a lokacin yake kan waya.

Ita kanta na'urar ba ta da laifi sosai. Tana riƙe wayoyi da kwamfuta a tare ba tare da ta yanke ba, kafa ta kuma bai kai minti goma ba. Tana ɗaukar zafi idan rana ta bugi tagar, sai da na tokare ta da kwali. Manhajarta ta waya kuwa ado ce kawai, sanduna take nunawa, ta ɓoye lambobin da ke da amfani. Wani abin dariya, sunan Wi-Fi ɗinta na biyu yana ƙarewa da 5G, ƙanena ya rantse shi ne sabuwar fasahar, alhali zangon gigahaz 5 na Wi-Fi ɗin cikin gida ake nufi. A kuma yi hattara da yawan gwaji: kowane gwaji kaya yake saukewa da gaske, kuma iya gudun layinka iya datar da zai lashe. A makon farko na ga haka a ma'aunin datata.

Zan ci gaba da amfani da ita. Manyan fayil yanzu da sassafe nake tura su, kuma akwai ramuka biyu a bayanta na eriyar waje da nake shirin gwadawa wata mai zuwa.