Injin Honda WB30 a lokacin ambaliya: inda yake fidda mutum kunya da inda yake gazawa

Da marka ta kankama a watan Agusta, shagunan kayan noma a Marwa da Kusseri na arewacin Kamaru da Injamena babban birnin Cadi sukan jero injinan ban ruwa a bakin ƙofa, waɗanda a kasuwa ake ce wa motofom. Asali kayan masu lambu ne. Amma bayan ambaliyar 2022, wadda ta kai gwamnatin Cadi ga kafa dokar ta-ɓaci a watan Oktoba, da kuma ta 2024, magidanta da kwamitocin unguwa ma sun shiga neman su don tsotse ruwa daga gidaje. Wanda ya fi suna shi ne Honda WB30, mai baki inci 3.

Injin da ke jansa GX160 ne, irin wanda makanikan janareto suka sani ciki da waje. A takarda yana fitar da lita 1,100 a minti ɗaya, yana jawo ruwa daga zurfin da ya kai mita 7 da rabi, ya kuma tura shi sama fiye da mita 20. Tankinsa na cin fetur lita 3 da ɗan ɗoriya, wanda ke kai shi kusan awa biyu in an buɗe masa wuta. Nauyinsa kilo 26, mutum biyu sa ɗauke shi ba wahala.

Waccan lita 1,100 kada ta ruɗe ka. Lissafi ne na injin da ke zaune daf da ruwa mai tsabta, da gajeren tiyo, ba tudu. Da ka ja tiyo mita 40 ko 50 zuwa lambatun bakin titi, ya lanƙwashe a ƙofar gida, sai ka sa ran lita 600 zuwa 700. Ɗauki gida mai faɗin mita 15 da tsawon mita 20, ruwa ya kwanta santimita 30, wato ya haura idon sawu sosai. Lita dubu 90 ke nan, aikin awa biyu da kusan rabi, tanki ɗaya da ƙari. Ruwan sama kuwa, ko an yi na milimita 50 cikin awa guda, abin da zai zuba a wannan fili lita dubu 15 ne kacal. Ke nan ruwan da ya sauka a gidanka ba ya fin ƙarfin WB30. Wanda ke fin ƙarfinsa shi ne na titi da ke kwararowa ta ƙofa da ta rariya, don haka kafin a ja igiya sai an jera buhunan yashi a ƙofa, an toshe rariyar gidan daga ciki. In ba haka ba ruwan da ka fitar ne zai zagayo ya same ka.

A yankinmu ruwa iri biyu ne, kuma da yawa ba sa rarrabewa lokacin saye. Akwai na sama, daga Yuli zuwa Satumba, wanda ke kwanciya saboda ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ga laka da ba ta shan ruwa, ga magudanai cike da leda. Wannan shi ne aikin motofom. Akwai kuma na kogi, lokacin da Shari da Logon ke cika a Oktoba da Nuwamba, bayan damina ta ɗauke, irin wanda ya mamaye unguwannin Waliya da Tukra na Injamena a 2022. Wannan babu injin inci 3 da zai yi masa komai matuƙar ba a tare shi da jinga ba. In akwai jinga, sai injin ya yi amfani wajen kwashe abin da ke tsattsafowa ta ƙarƙashinta. Mutanen bakin teku irin su Duwala nasu ya ƙara da gishiri da tumbatsar teku mai toshe bakin magudanai, kuma WB30 ba a yi shi don ruwan gishiri ba, cinye gangar jikinsa yake yi. Mu dai wannan bai dame mu ba. Taɓo ne matsalarmu.

A nan ne kuma babban raunin wannan inji yake. An ƙera shi don ruwa mai tsabta ko mai ɗan gurɓata. Tsakuwar da ta wuce girman ƙwayar masara ba ta wucewa ta farfelarsa lafiya. Ruwan ambaliya kuwa yashi ne da leda da tsumma da kashin awaki. Leda takan naɗe farfela, ka ji kukan injin ya canja, ruwa ya ragu. Yashi ya fi mugunta don ba a jin sa: a hankali yake goge farfela da sil, wato abin da ke hana yoyo tsakanin famfo da inji, sai wata rana ka ga ruwa na ɗiga ta ƙarƙashi. Honda na da wani samfurin, WT30, da aka yi musamman don ruwa mai datti, yana haɗiye tsakuwa mai kaurin fiye da santimita 2, kuma murfinsa na buɗuwa a kwashe shara. Sai dai nauyinsa ya ninka na WB30, kuɗinsa ma ba a magana. Kwamitin unguwa da ke haɗa kuɗi don yashe kwata, shi ya kamata su nema. Magidanci ɗaya WB30 ya ishe shi, in zai kiyaye bakin tiyo.

Kiyayewar ba ta da tsada. A wuri mafi gangare a tsakar gida a haƙa rami kamar rabin mita, a saka tsohon bokiti ko rabin jarka da aka huhhuda gefensa, a zura matacin tiyo a ciki, a ɗaure shi yadda ba zai taɓa ƙasa ba kuma ba zai leƙo sama ba. Ramin na sa ruwan ƙarshe ya taru wuri ɗaya, bokitin kuma ya tare leda. Kada a cire matacin don a ƙara gudu, ko da an ga yana yawan toshewa. A tsayar da yaro mai wayo yana share shi da hannu.

Tiyon jawo ruwa dole ya zama mai tauri, mai zobba a jiki, don mai laushi yakan tsuke ya manne da zarar injin ya fara zuƙa. Gajartarsa ita ce alheri: mita 4 zuwa 6. Na fitarwa shi ne shuɗin nan mai naɗewa, kuma kada a rage shi zuwa inci 2 don araha, ruwan zai ragu ƙwarai. In zai tsallaka titi a sa katako gefe da gefe, domin in mota ta taka shi yana cikin aiki, ruwan na komawa da ƙarfi ya iya tsaga gangar famfon. Yawanci ba a haɗa tiyo a cikin kwali, sai mahaɗai da ƙarafan ɗauri da mataci, saboda haka a sa kuɗinsa a lissafi tun a shago.

Kafin tayarwa, a kwance murfin da ke saman famfon a ɗura ruwa har ya cika ya tumbatsa. Wannan ne matakin da gaggawa ke sa a tsallake, kuma shi ya fi kashe injinan nan: ruwan ne ke sanyaya sil, in babu shi cikin ɗan lokaci ya ƙone. In an riga an yi kuskuren, a kashe, a bar shi ya huce kafin a zuba ruwa. Bayan an ɗura, a buɗe mai, a ja cok, a kunna makunni, a ja igiya, a mayar da cok, sannan a ƙara wuta. Minti biyu ko uku ruwa bai fito ba? Kusan kullum iska ce ke shiga ta mahaɗar tiyon jawowa. A duba robar da ke cikin mahaɗar, don takan faɗi a ɓata ba a lura ba, a kuma ƙara matse ƙarfen ɗauri. Ɗaurin robar tayar babur da ake yi yana fidda mutum na rana ɗaya, ba na damina ba.

Injin yana da na'urar da ke kashe shi in baƙin mai ya yi ƙasa. Abu ne mai kyau, amma in an ajiye shi a karkace sai ta ɗauka man ya ƙare, ya riƙa mutuwa ana zagin kafireta. A ɗora shi a kan katako ko bulo, a daidaice, sama da ruwa. Baƙin mai ɗan kaɗan yake ci, bai cika lita 0.6 ba, juyen farko bayan awa 20, daga nan duk awa 100. Fetur ɗin kwalba, wanda ake ce wa zuwa-zuwa, yana sha ba gardama, amma a tace shi da ƙyalle, a kuma riƙa kwance ɗan kofin da ke ƙarƙashin makullin mai ana zubar da ruwa da dattin da ya taru. In ruwa ya taɓa shanye injin gaba ɗaya, kada a ja igiya. A cire buji, wato fulogi, a fitar da ruwan da ke ciki, a juye mai har sai ya daina fitowa kamar madara.

Sai maganar jabu. Jan fenti da takardar manne mai sunan Honda ba shaida ba ne. Na gaske yana da lambar inji da aka buga a jikin ƙarfen, kuma mai shagon kirki ba ya jin haushi in ka ce a nuna maka. Akwai kuma motofom 'yan Sin da ba su ɓoye kansu ba, masu injin 168F, waɗanda aka kwaikwayo daga wannan GX160 ɗin. Suna da sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, ga kayan gyaransu ko'ina. Ruwan da suke fitarwa sabbi bai yi nisa da na Honda ba. Bambancin na fitowa ne wajen igiyar tayarwa, da kafireta, da sil, da tashi bayan doguwar ajiya. Wanda zai yi aiki da inji kwana goma a shekara, ɗan Sin da sil na ajiya da tiyo mai kyau ya fi masa Honda da ruɓaɓɓen tiyo. Wanda kuma zai kai shi lambu da rani ya dawo da shi gida da damina, Honda zai biya kuɗinsa.

Kada a kunna shi a ɗaki ko zaure ko shago, ko da ƙofa a buɗe take. Hayaƙinsa na ɗauke da guba marar wari da ke kashe mutum yana zaune. A kashe wutar gidan daga mita kafin kowa ya shiga ruwan, kuma ba a ƙara fetur injin na ci. Kada a haƙa ramin tara ruwa a gindin katangar ƙasa ko kusa da masai, don jiƙaƙƙiyar ƙasa na iya zabtarewa. Ruwan nan ya gauraya da na masai, lokacin kwalara ne kuma, saboda haka mai share mataci ya wanke hannu da sabulu. A kuma duba inda bakin tiyo ya dosa, don lita 600 a minti in ta nufi katangar maƙwabci, maganar sai gaban mai unguwa.

In an gama, a zura tiyo a duro mai ruwa mai tsabta a bar shi ya zuƙa na minti biyu ya wanke cikinsa, sannan a kwance ƙusar ƙasan famfon a tsiyaye. Taɓon da aka bari ya bushe a ciki yakan riƙe farfela gam. In ajiyar za ta wuce wata guda, a juye fetur ɗin tanki, a sassauta ɗan sukurun da ke ƙasan kafireta sauran ya zube, a rufe bakunan famfon biyu da leda saboda zanzaro da ɓera.