Miksar hannu da bugaggiyar bota mai ganye: abin da na gani a walimar Yaya

Wata 3 ke nan da na sayi miksar hannu, ƙaramar nan ta bugun kek mai sanduna biyu, a wani shagon kayan kicin da ke Sabon Gari a Kano. Kek ɗin da na saye ta dominsa har yau sau biyu kacal na yi. Bota ce ta sa na san halinta, ciki da bai.

Yayata ce ta tare a sabon gidanta cikin watan Janairu, ta ce za a yi 'yar walima, mata kamar 25, dangi da maƙwabta. Aka raba aiki, ni aka ɗora mini abin taɓawa kafin a sauke shinkafa. Samosa da cincin da mitfai duk mun ci har sun gundure mu, sai na tuno wani abu da ya cika TikTok a 2022, inda za ki ga an shafe katako da bota, an barbaɗa ganye da gishiri, mutane suna dangwala burodi. Katakon bai kwanta mini ba, hannu goma a wuri ɗaya. Amma botar ta tsaya mini a rai. Ashe ma tsohon abu ne a girkin Faransa: su kwaɓa bota da ganyen fasli da ruwan lemun tsami, su ɗora kan gasasshen nama yana zafi. Sabon abin shi ne a buga ta har ta yi sakayau, a ajiye a kwano a riƙa dangwala.

Da na faɗa wa Yaya, cewa ta yi, "Ke dai ba ki rabo da neman suna. Mai za ki ba mutane su sha?" Na ce ta bari ta gani.

Sai an fara daga botar, don nan kuɗin yake tafiya. Mu duk abin da ake shafa wa burodi bota ne a bakinmu, alhali Blue Band da ire-irensa majarin ne, daga man tsirrai ake yin su. Wadda ake so a nan ita ce ta madarar shanu, mai zuwa a dunƙule cikin takarda, wadda sai a firjin manyan kantuna ake samu, irin su Lurpak ta Danmak ko Président ta Faransa. Idan kin juya takardar za ki ga an rubuta mai kashi 80 ko 82 cikin 100, ragowar yawanci ruwa ne da ɗan abin da ya saura na madara. Na sayi dunƙule 4 masu giram 200, marasa gishiri, 1 na gwaji, 3 na ranar taro. Da na biya kuɗin sai da na tsaya a bakin kanti na sake duba rasit.

Gwajin farko laifina ne, ban ɗora wa na'ura ba. Daga firji na ciro rabin dunƙule, tana nan kamar sabulu, na jefa a kwanon silba na kunna. Sandunan suka riƙa dukanta tana tsalle, kwanon yana zagaya kan teburi, wani gutsure ya tashi ya manne a jikin labulen taga. A nan na gano aibin miksar na farko: an rubuta tana da gudu 5, amma lamba 1 ɗin ma gudu take kamar an biyo ta. Babu wani a hankali da za ki fara da shi. Tsakanin 3 da 4 da 5 kuwa ban ga bambanci ba, sai ƙara da ke ƙaruwa.

Haushi ya sa na ɗora kwanon a kan murfin tukunyar da ke tafasa, wai ta yi laushi da wuri. Kafin in yanka albasa ɗaya gefenta ya zama ruwa. Bota tana narkewa ne a zafin da bai kai na jikin mutum ba, wajen digiri 32 zuwa 35, kuma in ta narke to ta daina riƙe iska. Na buga, na buga, har hannuna ya yi sanyi, abin da ke kwanon bai wuce kunun mai ba. Shi muka zuba a taliya da daddare.

Ragowar rabin na yanka shi ƙanana, kamar girman dunƙulen magi, na baza a faranti na bar shi a ɗaki. Lokacin hunturu ne, ya ɗauki kusan minti 40. Alamar da na riƙe ita ce in na danna da yatsa ya lotsa ba tare da ya yi ƙyalli ko ya biyo yatsan ba. Masu gashin kek suna cewa wajen digiri 18 zuwa 20 ne daidai. To a nan miksar ta nuna amfaninta. Minti ɗaya a lamba 1, botar ta haɗe. Na zuba madarar ruwa babban cokali 1, wadda ba ta da sanyi, na ƙara gudu. Ina kallo launin ya riƙa sauyawa, daga rawaya kamar ƙwaiduwa zuwa fari-fari kamar kindirmo, sandunan suna barin layi-layi a bayansu, abin yana tasowa a gefen kwano. A minti na 5 na kashe, na ɗebo da cokali na kifa, ta tsaya ba ta zubo ba, kuma da na sa a baki kafin in motsa harshe ta ɓace. 'Yata da ke tsaye tana leƙe ta ce, "Umma, ayis kirim ne?"

Aibi na biyu shi ma a nan ya fito. Bayan minti 5 ɗin nan jikin miksar ya ɗau zafi, wajen ramukan iskarta har ɗan ƙauri nake ji. Takardar da ke cikin kwalin ma ta ce a riƙa hutar da ita. Ga dunƙule ɗaya babu damuwa. Ranar walima da nake da 3, sai da na raba aikin gida uku, ina bugawa ina jira ta huce. Wayarta kuma gajera ce, dole na jawo teburi kusa da soket. Maɓallin fitar da sandunan yana da tauri, sai na sa manyan yatsu biyu. Abin da zan yaba mata: ba ta da nauyi, hannu ɗaya ya ishe ta, wankin sandunan kuma ruwan ɗumi da sabulu ne kawai.

Ganye shi ne inda na fi ɓata lokaci, kuma shi ne inda miksa ba ta da ta cewa. Na je 'Yankaba na samo fasli, na haɗo da lawashi ɗanye sharaf, da na'a-na'a, da ɗoɗɗoya. A gwaji na zuba su duka na buga da na'ura. Kuskure ne. Sandunan suka farfasa ganyen, ruwansa ya fito, botar ta koma kore-kore mai duhu, washegari na'a-na'ar da ɗoɗɗoyar suka yi baƙi. Ɗoɗɗoya kuma ta danne kowa, kamar ana cin farfesu mai sanyi. Na cire ta gaba ɗaya, na'a-na'a na bar 'yan ganye don ado a sama. Fasli da lawashi su ne suka zauna lafiya da bota. Sai a wanke su tun da wuri, a baza kan tsumma mai tsabta su bushe ƙarau, don ɗigon ruwa ɗaya sai ya fito ya kwanta a saman botar kamar gumi. A yanka su siri-siri da wuƙa mai kaifi, a juya da cokali bayan an kashe na'ura.

Tafarnuwa ma ta koya mini hankali. Ɗanya na daka na zuba, a ranar ta yi daɗi, da ta kwana a firji sai yajinta ya ninka. Ranar taro sai na gasa ta da ɓawonta a kasko, wuta ƙasa-ƙasa, har ta yi laushi, na matse ta fito kamar man goge baki. Zaƙi-zaƙi take yi, babu wadda za ta koma gida mijinta ya kau da kai.

Ga abin da na tsaya a kai ga kowane dunƙule na giram 200: madara babban cokali 2, gishiri rabin ƙaramin cokali, tafarnuwa gasasshiya ƙwara 3, fasli yankakke babban cokali 2, lawashi babban cokali 1, ɗan masoro, da ɓawon lemun tsami guda da aka goga sama-sama ba a kai ga farin ba. Ruwan lemun ɗigo kaɗan, in ya yi yawa botar sai ta tsinke.

Akwai tambayar da na san kowace Bahaushiya za ta yi, don ni ma na yi wa kaina: ga man shanu a gida, me zai kai mu kanti? Ai asalinsu ɗaya. Na sayi curi biyu na ɗanye wurin Bafulatanar da ke kawo mana nono, na wanke shi a ruwan ƙanƙara sau 4 har ruwan ya daina fari. Ya bugu, ya tashi, ya ma fi na kanti haske. Amma tsamin nonon da aka kaɗo shi daga ciki yana nan, da ƙanshin nan nasa da ya saba da tuwo da miyar kuka, ba da fasli ba. Ni ya yi mini daɗi da ɗan yaji a kan gurasa. Sai dai ban yarda in ba baƙi shi ɗanye ba, akwai masu ciki a taron, kuma ba a dafa shi ba. Soyayye kuwa, ko an sa shi a firji ya daskare, tsaki-tsaki yake yi a baki, ba ya yin santsin da ake nema.

Ranar walima na tashi tun bayan asuba don in riga masu ɗauke wuta, kuma Allah ya taimake ni, ina kashe bugu na uku fanka ta tsaya. Da sun riga ni, da sai dai maburgi da ƙarfin dantse. Na zuba a ƙananan kwanuka 6 na tangaran maimakon babba ɗaya, kowane da ƙaramin cokali a ciki, na ja saman da bayan cokali ya yi tudu da kwari, na barbaɗa lawashi. Na sa a kula da ƙanƙara a ƙasa muka tafi, na fito da su minti 20 kafin a fara zama, don in ta yi sanyi da yawa tauri take komawa.

Abin dangwala iri huɗu na kai: burodi da aka yanka aka gasa, karas, kokwamba, da gurasa da na aika aka sayo da safe daga cikin gari na ɗumama a kasko. Karas da kokwamba kusan yadda na kai su haka na dawo da su, kuma ban ga laifin kowa ba, mai a kan ɗanyen kokwamba zamewa yake, ba ya kamawa. Burodi ya tafi. Gurasa kuwa ko minti 15 ba ta yi ba. Ramukan nan nata suna shanye botar tana narkewa a ciki, ga ɗumi ga ƙanshin tafarnuwa. Wata maƙwabciyar Yaya ta ce wannan ai bandashen 'yan gayu ne.

Surukar Yaya, dattijuwa ce mai wuyar burgewa, ta daɗe tana kallon kwanon. Ta gutsuri gurasa, ta dangwala kaɗan kamar mai gwada magani, ta tauna. Sai ta ce da ni, "'Yar nan, wannan man shanun wane gari ne?" Na ce, "Hajiya, na kanti ne, bugawa na yi." Ta ce, "To ya ji bugu. Amma da kin sa yaji." Ta jawo kwanon gabanta, ba ta sake tura shi tsakiya ba.

Kwanuka 2 da aka ajiye a tsakar gida inda rana ke faɗawa sun ba ni kunya. Cikin awa ɗaya gefensu ya yi ruwa, ganyen ya nutse, tudun ya kwanta. A Janairu ke nan. A watan Afrilu da Kano ke kai digiri 40, ba zan yi wannan abin ba sai a ɗaki mai sanyi, kuma kaɗan-kaɗan za a riƙa fitowa da shi.

Miksar dai zan ce ta ci kuɗinta ga mai yin kek ɗaya ko bota dunƙule ɗaya a gida. Mai sana'ar girkin biki ta tara kuɗi ta sayi babba mai tsayawa da kwanonta, wannan za ta ƙone mata a hannu. Giram 600 kuma ya yi wa mutum 25 yawa, 400 ya isa, in dai shinkafa na tafe. Ragowar na naɗe a leda kamar tsiran alade na sa a firiza, ina yanko ƙwarya-ƙwaryar yanka in ɗora kan dafaffen dankali ko gasasshen kifi. Jiya Yaya ta bugo waya, wai in ara mata miksar, sunan ƙanwar mijinta ranar Asabar. Na ce ta aiko a ɗauka, ta kuma sayi gurasa ninki biyu.